Diga da Tasha: Batun Adana Tsofaffin Gine-ginen Reluwe a Adjame da Treichville

Gabatarwa

Jirgin ƙasa ne ya haifi birnin Abijan. Kafin shekarar 1903, abin da ke wannan wuri ƙauyukan masunta ne na mutanen Ebrie, a bakin wani dogon tafki da ke kwance tsakanin doron ƙasa da Tekun Atalantika. A lokacin, hedkwatar mulkin mallakar Faransa a Kodibuwa tana Bingerville, jiragen ruwa kuwa a Grand-Bassam suke sauke kaya. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa gundumar Abijan tana ɗauke da mutum fiye da miliyan 6. Abin da ya mai da waɗancan ƙauyuka wannan ƙasaitaccen birni shi ne layin dogon da aka fara shimfiɗawa a 1904, wanda aka raɗa wa suna Abijan-Neja domin niyyar masu shi ita ce ya kai bakin Kogin Kwara.

Wannan takarda ta duba makomar tsofaffin gine-ginen wannan layi, tare da mai da hankali kan unguwanni biyu da ya ratsa, wato Adjame da Treichville. An zaɓe su ne saboda su ne unguwannin da Turawa suka ware wa baƙar fata, kuma a cikinsu ne baƙin da suka sauko daga arewa, har da Hausawa, suka fara yada zango. Idan an ce gine-ginen reluwe a nan, ana nufin tasha da sito da tankin ruwa da ma'aikatar gyaran taragu da gidajen ma'aikata da gadoji, wato duk abin da aka gina domin jirgi ya tashi ya sauka. Tambayar da ake son amsawa ita ce: ginin da ɗan mulkin mallaka ya zana, ya kuma sa aka ɗora shi da aikin tilas, gadon wane ne? Amsar da mutum ya bayar ita za ta nuna ko ya ga dacewar a kashe kuɗi a kan ginin, ko kuwa a bar katafila ta share shi.

Daga bakin tafki zuwa Wagadugu

Tsakanin 1898 da 1899 wani injiniyan soja mai suna Kyaftin Houdaille ya jagoranci ayarin da ya auna hanyar da layin zai bi. Ana cikin haka, a 1899, annobar shawara ta afka wa Grand-Bassam ta kashe Turawa da dama, abin da ya sa aka mai da hedkwata Bingerville a 1900. Abijan ta samu layin ne saboda yanayin ƙasarta. Tudu ne mai kallon tafki mai zurfi, kuma tsirin ƙasar da ya raba tafkin da teku ba shi da faɗi. Lissafin Turawa shi ne in an haƙa mashiga, jiragen ruwa za su shigo har bakin tasha. An gwada haƙar tun a shekarun farko, yashi ya cike ta. Sai a 1950 aka samu buɗe mashigar Vridi, aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa a 1951.

Layin, mai faɗin mita 1, ya kai Agboville a 1907, kilomita 82 daga Abijan. Ya kai Dimbokro a 1910 bayan an ɗora doguwar gadar ƙarfe a kan kogin N'Zi, ya shiga Bouake a 1912. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsai da aikin na tsawon shekaru. Da aka koma, layin ya isa Ferkessedougou a 1929, Bobo-Julaso a 1934, sa'an nan Wagadugu a 1954. Shekara 50 ke nan a kan tafiyar da ta ɗan haura kilomita 1,100. Kwara kuwa bai taɓa ganinta ba. Gwamnatin Thomas Sankara ta ɗauko ci gaban aikin a 1985 ta hanyar aikin gayya, amma layin ya tsaya a Kaya. A can ɗaya ɓangaren, an buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai a 2014, aka kuma kammala shimfiɗa kimanin kilomita 140 zuwa Dosso a 2016, sai dai layin bai shiga jigilar fasinja ko kaya ba. Ke nan Nijar ta samu tashar da ta kama hanyar tsufa ba tare da ta yi ƙuruciya ba.

Hannun da ya riƙe diga

Ɗalibin harshe zai lura da wani abu a cikin kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fage. Reluwe da tasha da tikiti da lebura duk aro ne daga Ingilishi. Haka ma diga, wato abin haƙar ƙasa. Amma diga ba ta tsaya a matsayin sunan kayan aiki ba. Bahaushe ya ce aikin diga yana nufin aikin shimfiɗa layi, ya kuma ce digar jirgi yana nufin layin kansa. Wato harshen ya kira hanyar da sunan abin da lebura ya riƙe a hannu. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya bar Waƙar Diga a kan aikin layin da ya ratsa ƙasarsa daga Baro zuwa Kano, inda ya isa a 1911. Hausa dai ta ajiye shaidar lebura a bakinta. A taswirar layin Abijan kuwa labarin daban ne.

Kashi na farko na layin ya ratsa kurmi ne, ƙasar mutanen Abbey, kuma daga ƙauyukansu aka riƙa ɗibar masu sara da masu dako, ga haraji a kai. A watan Janairun 1910, zamanin Gwamna Gabriel Angoulvant, Abbey suka yi bore. Layin dogon suka fara kai wa hari, suka tumɓuke shi a wurare da dama, domin sun san ta kansa wahalarsu take zuwa. An murƙushe boren da tsananin ƙarfi, aka yi wa wasu shugabanninsu korar ƙasa. Cikin waɗanda suka mutu akwai wani Bafaranshe, ma'aikacin kamfanin ciniki, mai suna Rubino. Har yau akwai gari da tasha a kan layin masu amsa wannan suna. Abbey ɗin da suka mutu a boren, da leburorin da suka mutu a bakin aiki, babu tashar da aka kira da sunan ko ɗayansu.

Da layin ya fita kurmi ya nufi arewa, sai hankalin Turawa ya koma kan ƙasar Mosi mai yawan jama'a. A 1932 Faransa ta rushe yankin mulkin Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, ta haɗa babban kasonsa da Kodibuwa, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne a sauƙaƙa ɗibar leburori zuwa gonakin koko da kofi da wuraren saran katako da aikin layi. Mutanen Arewacin Nijeriya da suka ji labarin ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos za su gane irin abin da ake magana a kai. Ba a mai da yankin matsayinsa ba sai a 1947. Shi kansa aikin tilas an soke shi ne da dokar ranar 11 ga Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan wanda ya gabatar da ita a majalisar Faransa, Felix Houphouet-Boigny. Wannan yana nufin cewa duk wani gini na layin da ya girmi 1946 an ɗora shi ne a zamanin da doka ta halatta a ɗauko mutum daga ƙauyensa a ba shi diga ko yana so ko ba ya so.

Shekara guda da rabi bayan wannan doka, ranar 10 ga Oktoba 1947, ma'aikatan reluwe na duk Afirka ta Yamma ta Faransa suka shiga yajin aiki. Babbar buƙatarsu ita ce a sa Bature da baƙar fata a tsarin aiki ɗaya, kuma batun gidajen ma'aikata yana cikin abubuwan da aka yi ta ja-in-ja a kai. Ma'aikatan layin Abijan sun koma aiki a watan Janairun 1948, sauran kuwa sun daure har ranar 19 ga Maris. An fi sanin wannan yaji ta ɓangaren layin Dakar, saboda littafin da Sembene Ousmane ya wallafa a kansa a 1960.

A nan ne amsar tambayar da aka yi a gabatarwa take. Akwai masu cewa adana ginin Turawa girmama mulkin mallaka ne. Wannan hujja tana da nauyi idan ana maganar gunkin gwamna a tsakiyar dandali, domin ba a kafa gunki sai don yabo. Amma ba ta kama sito ko tankin ruwa ko ɗakin lebura ba. Gwamnoni da injiniyoyi sun bar rahotanni da hotuna da wasiƙu, suna nan jibge a gidajen ajiyar takardu na Dakar da Faransa. Ko an rushe kowace tasha, sunan Angoulvant ba zai ɓace ba. Wanda bai bar takarda ba shi ne wanda ya ɗauko dutsen ya kwaɓa simintin. Ginin shi ne kaɗai abin da ya bari. Saboda haka, wanda ya rushe shi da sunan huce haushi a kan Bature, shaidar kakansa ya share.

Unguwanni biyu a gefen tudun Turawa

An kafa tashar farko da ma'aikatun layin a kan tudun da ake kira Plateau, a bakin tafki. Domin a samu fili, an tashi ƙauyukan Ebrie da ke wurin. Wasu sun matsa arewa zuwa Adjame, sunan da ke nufin mahaɗa a harshensu, wasu kuma suka ƙetare tafki zuwa Anoumabo. Tsarin da ya fito daga wannan shi ne wanda aka saba gani a biranen mulkin mallaka. Plateau ta Turawa ce da ofisoshi da kantuna. A arewa, barikokin soja na Gallieni da Mangin sun tsaya tsakaninta da Adjame. A kudu, ruwa ne ya raba ta da Anoumabo. Baƙar fata yana shigowa da safe ya yi aiki, da yamma ya koma bayan bariki ko ƙetaren ruwa. Wanda ya san yadda aka raba Nasarawa da Sabon Gari da Birni a Kano bayan zuwan jirgi ba zai ga baƙon abu a nan ba.

A 1931 aka kammala doguwar matsayar jiragen ruwa a Port-Bouet, aka kuma shimfiɗa gada mai yawo a kan tafki domin jirgin ƙasa ya ƙetare ya kai mata kaya. Daga nan Anoumabo ta zama unguwar 'yan dako da ma'aikatan reluwe. A 1934, shekarar da hedkwatar mulki ta dawo Abijan, aka canja mata suna zuwa Treichville don tunawa da Marcel Treich-Laplene, wani wakilin Faransa da ya mutu a 1890. Su Ebrie da aka kawo nan an sake tashinsu, suka tafi da sunan ƙauyensu, shi ya sa Anoumabo ta yau take cikin Marcory. An yanka Treichville layi-layi, tituna suna amsa lamba maimakon suna. Mazauna Abijan ba su wuce kimanin 17,000 ba a 1934, amma zuwa 1955 sun haura 120,000, kuma mafi yawansu a waɗannan unguwanni biyu suke. A Treichville ne aka kafa jam'iyyar PDCI a watan Afrilun 1946.

Gadar mai yawo ta yi aiki har 1957, lokacin da aka maye gurbinta da gadar Houphouet-Boigny mai hawa biyu, motoci a sama, jirgi a ƙasa. Tashar Treichville ce ta zama mafarin jiragen fasinja masu zuwa Wagadugu, kuma ita ce masaukarsu. Adjame kuwa, duk da layin ya ratsa ta, shahararta ta koma kan tashar mota da kasuwa, musamman daga shekarun 1980 da hanyoyin kwalta suka fara ƙwace wa jirgi fasinjoji.

Baƙin arewa

Hausawa sun riga jirgi zuwa ƙasar da ake kira Kodibuwa a yau. Fataucin goro ya daɗe da kai su yankin Gwanja da kewayensa, kuma lokacin da Louis-Gustave Binger ya shiga Kong a 1888 ya tarar da unguwar Hausawa marina. Abin da jirgi ya yi shi ne ya juya akalar tafiyar daga tsakiyar ƙasa zuwa bakin teku. Daga 1954, ɗan cin rani daga Adar ko Arewa ko ƙasar Zabarmawa yana iya hawa mota zuwa Wagadugu, ya yanki tikiti, ya sauka a Treichville. Ga dubban mutane, dandamalin wannan tasha shi ne wurin da ƙafarsu ta fara taka Abijan, kuma nan ne ake tsayawa a tambayi mai saukowa labarin gida da na damina.

Jean Rouch ya ɗauki rayuwar irin waɗannan baƙi a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958, wanda aka yi a Treichville da samarin da suka zo daga Nijar. Jarumin fim ɗin, Oumarou Ganda, lebura ne a lokacin, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim na Nijar. Fim ɗin ya zama shaida mai daraja a kan kamannin unguwar, amma fim yana nuna abin da mai ɗauka ya ga damar nunawa ne kawai.

Sawun waɗannan baƙi ya fito har a bakin mutanen gari. Abincin da ya fi kowane farin jini a wurin talakan Abijan shi ne aceke, wani abu mai kama da dambu amma na rogo, da soyayyen kifin tuna. Sunansa garba, saboda 'yan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi, kuma Garba suna ne da ya yawaita a cikinsu. Ga kalmar Hausa ta samu gindin zama a Faransancin titi. Harshe yakan riƙe irin wannan shaida ba tare da an kashe ko sisi ba. Gini kuwa sai an gyara masa rufi.

Gini mai iyayen gida da yawa

Daga 1960, Kodibuwa da Haute-Volta sun riƙe layin tare a ƙarƙashin hukuma ɗaya da aka fi sani da RAN. Zamanin ƙarfinta, RAN ba jirgi kawai take da shi ba. Tana da gidajen ma'aikata, tana da otal-otal masu sunanta a Bouake da Bobo-Julaso da Wagadugu, tana ɗaukar miliyoyin fasinjoji a shekara cikin jirage irin su Gazelle da Belier. Bashi da gasar manyan motoci suka durƙusar da ita, a 1989 aka raba ta gida biyu, kowace ƙasa da kamfaninta. Rabuwar ba ta yi magani ba. A 1995 aka ba da hayar layin ga kamfanin Sitarail, wanda rukunin Bollore na Faransa ke jagoranta, har zuwa ƙarshen 2022 lokacin da Bollore ya sayar da harkokinsa na sufuri a Afirka ga kamfanin MSC. Mallakar layin da gine-ginen ta ci gaba da zama a hannun gwamnati, a ɓangaren Kodibuwa ta hanyar kamfanin kula da kadarorin reluwe mai suna SIPF.

Wannan tsari yana da tasiri kai tsaye a kan tsofaffin gine-gine, kuma ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba kafin a gane shi. Ɗan haya yana samun ribarsa ne daga dakon kaya: mai, kayan siminti, kwantenoni, auduga, dabbobi. Abin da wannan aiki ke buƙata shi ne lafiyayyen layi da lafiyayyen kan jirgi. Ɗakin jiran fasinja da tagar yankan tikiti da tankin da ya shayar da injinan tururi ba sa kawo masa komai. Mai gida kuwa, wato gwamnati, ba ita ke kwana a ciki ba. Ma'aikatar al'adu tana da dokar kare kayan tarihi, amma ginin ba nata ba ne. Ga kuma tsaikon da aka samu: rikicin da ya ɓarke a watan Satumban 2002 ya rufe layin kusan shekara guda, kuma a 2020 an dakatar da jigilar fasinja saboda annobar korona. A ƙasa mai ruwan sama irin na Abijan, ginin da aka kulle ba ya jimawa. Kwano ya yi tsatsa, ruwa ya sami katako, gara ta ƙarasa.

Kodibuwa ta kafa dokar kare kayan tarihi tun a watan Yulin 1987, ta kuma samu nasarori na gaske. A 2012 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Grand-Bassam cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a 2021 ta ƙara da masallatai 8 na ƙasa da ke arewacin ƙasar. Sai dai duka biyun abubuwa ne da ido ke saurin yarda da su: gidan gwamna mai baranda, masallaci mai hasumiya. Sito da ma'aikatar gyaran taragu ba su da wannan kwarjini. Ko a Turai an jima kafin a ɗauki irinsu a matsayin gado, domin yarjejeniyar Nizhny Tagil, wadda ta yi bayanin yadda za a kula da kayan tarihin masana'antu, ba ta fito ba sai a 2003.

Sabon jirgi a kan tsohon layi

Babban abin da ya taso wa wannan fili a ƙarnin nan ba sakaci ba ne, ci gaba ne. Ranar 30 ga Nuwamba 2017, Shugaba Alassane Ouattara da Shugaba Emmanuel Macron suka ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari, wanda ake kira metro, mai tsawon kimanin kilomita 37 daga Anyama zuwa Port-Bouet. An tsara shi ya bi filin tsohon layin, ta Abobo da Adjame da Plateau da Treichville da Marcory, domin shi ne kaɗai zirin da ya ratsa birnin daga arewa zuwa kudu. A 2021 aka fara rushe gidaje da shaguna da ke cikin filin. Duk wanda ya san cunkoson motocin gbaka a Adjame ba zai yi jayayya da buƙatar wannan jirgi ba. Matsalar ita ce lissafin diyya yakan auna fili da bango da rufi, ba shi da gurbin da za a rubuta shekarun gini ko abin da ya faru a cikinsa. A idon irin wannan lissafi, rumfar da aka kafa bara da ɗakin da ya ga yajin 1947 sun bambanta ne kawai a kuɗin bulo.

Dakar ta fuskanci irin wannan zaɓi. Tasharta, wadda aka kammala a 1914, ta yi shekaru kusan a yashe bayan da jirgin Bamako ya ja baya. Da aka tashi yin sabon jirgin TER, wanda ya fara aiki a watan Disamban 2021, sai aka gyara tsohuwar tashar aka mai da ita ƙofar shiga sabon layin. Kuɗin gyaran ya shiga cikin kasafin babban aikin, kuma ginin ya samu mai share shi kullum. Wannan misali ya fi na Turai da Amurka amfani ga Abijan, domin layin iri ɗaya ne, tarihin mallakar iri ɗaya ne. Amma na Amurka ma yana da abin lura. An fara rushe tashar Pennsylvania ta New York a 1963, baƙin cikin da ya biyo baya ya haifar da dokar kare gine-ginen birnin a 1965, kuma wannan doka ce ta ceci tashar Grand Central a gaban Kotun Ƙoli a 1978. Sai da suka yi asarar ɗaya suka tsare ɗayar.

A Nijeriya, gidan Jaekel da ke harabar reluwe a Ebute Metta ta Legas, wanda aka gina a 1898, wata ƙungiyar sa kai mai suna Legacy 1995 ce ta gyara shi a 2010 ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi. Aiki ne abin yabo, amma gidan babban jami'i ne. A Abijan kanta, abin da ya fi samun kulawa cikin kayan layin shi ne gadar 1957, wadda aka fara yi wa babban gyara a 2018. Ba don tarihinta aka gyara ta ba. An gyara ta ne domin in ta faɗi, hanyar tashar jiragen ruwa ta yanke. Abin da waɗannan misalai suke nunawa shi ne ginin reluwe yana rayuwa ne idan yana da aikin yi, ko da aikin ba shi ne na asali ba. Sito yana iya zama kasuwa ko ɗakin karatu ko ajin koyon sana'a, kuma a unguwa mai ƙarancin fili kamar Adjame ba za a rasa mai buƙatarsa ba.

Saura batun zaɓi, domin ba duka za a iya riƙewa ba. Idan aka bar wa ido zaɓi, zai ɗauki irin tashar Bobo-Julaso, wadda aka yi wa fuska irin ta masallatan ƙasa na Sudan, rigar aro da Bature ya sa wa gininsa. Kyakkyawa ce, kuma ba ta rasa masu ɗaukar hotonta. Amma idan hujjar adanawa ita ce shaidar lebura, to ma'aunin ya canja. Gidan shugaban tasha shi kaɗai ba ya faɗin komai. Idan aka bar shi tare da jerin ɗakunan ƙananan ma'aikata, ɗalibi zai iya auna faɗin wannan da na wancan da ƙafarsa, ya ƙirga tagogi, ya ga inda famfo yake da inda babu, ya fahimci abin da masu yajin 1947 suke nufi da tsarin aiki ɗaya fiye da yadda zai fahimta daga littafi.

Mataki na farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a bi layin daga Anyama zuwa Port-Bouet a rubuta abin da ke tsaye, a auna, a ɗauki hoto, a nemi shekarar gini a takardun RAN. Mataki na biyu aikin masu nazarin harsuna ne, domin labarin waɗannan wurare yana bakin tsofaffin ma'aikata da 'yan dako da masu masaukin baƙi, kuma da Julanci da Mosanci da Zabarmanci da Hausa za su ba da shi. Wanda ya hau jirgin Wagadugu a 1954 yana ɗan shekara 20, a yau ya haura 90.